Hatimi Huɗu a Kan Madubi

A asibitin tsibirinmu, ɗakin da ake kashe ƙwayoyin cutar kayan tiyata yana can ƙarƙashin ƙasa, kusa da ɗakin wanki, inda ko baƙon da ya ɓata hanya ba ya kaiwa. Can Tsuruta Fumie ta shekara talatin da ɗaya. 'Yar gajeruwa ce, ba ta da yawan magana da mutane, amma da injuna bakinta ba ya hutawa. Sai ta nuna abu da yatsa ta faɗi halin da yake ciki da ƙarfi, ko da ita kaɗai ce a ɗakin, yadda aka koya mata tun tana sabuwa. "Ƙofa a rufe. Zafi ya kai. Alama ta juya." 'Yan sama suna kwaikwayonta a wajen shan shayi, sai dai ban taɓa jin wanda ya gwada a gabanta ba.

Ranar Larabar da nake ba ku labari, mijinta Genzo ne a jerin tiyata. Masunci ne, ɗan shekara sittin da shida, ƙoda ɗaya gare shi tun wani haɗarin jirgi da ya yi yana saurayi, kuma a cikin ɗayar nan tsakuwa ta samu wurin zama. Wata biyu ke nan da aka zura masa wata siririyar roba don fitsari ya samu hanya, robar kuwa ta hana shi sakat. In ya miƙe ta soke shi, in ya kewaya ya ga jini, jirginsa na ɗaure a gaɓa yana tara gansakuka. Likitan da ya iya fasa tsakuwar, Iwanaga-sensei, kamar yadda muke kiran likita don girmamawa, sau ɗaya yake zuwa a wata daga babban birni, ya sauka a jirgin safe ya koma a na ƙarfe biyar saura ashirin. In aka rasa yau, sai wani watan.

Abin aikin ma ba namu ba ne, aro ake yi daga babban asibitin birni. Wani siririn bututu ne mai lanƙwasa, da ido a bakinsa, suna ce masa madubi. Ta cikinsa akwai wata hanya mai tsawo, siririya kamar tsinken tsintsiya, inda ruwa da zaren fasa dutse suke bi. Can birni suke kashe masa ƙwayoyin cuta, su like shi a jaka mai leda a gefe ɗaya da farar takarda a ɗayan, mu namu buɗewa kawai.

To, ga inda aka yi garin gyaran gira. Mu mutane ne da ko tsintsiya ba ta shiga ma'aikata sai an buga mata hatimi. Madubin ya iso Talata da yamma, takardar karɓa kuwa an manto ta a birni. Magatakarda, mutum mai tsoron a ce ya yi sakaci, ya buɗe akwatin don ya duba lamba, ya ga farar takarda shimfiɗe, ya ce ai ga wuri. Ya dangwala hatiminsa a jar tawada ya buga, ya ɗan karkata shi hagu kamar yana rusuna wa na gaba da shi. Mai kula da kaya ya buga nasa, shi ma a karkace. Eguchi, shugaban ofis, ya bi sahu. Na shugaban asibiti ne kaɗai ya tsaya ƙyam, kuma da yake babba ne, ya danna da ƙarfi irin na manya. Mutum huɗu masu hankali, kowa ya yi aikinsa tsakani da gaskiya, ba wanda ya tambayi kansa wace irin takarda ce wannan.

Ƙarfe tara na safe akwatin ya sauko wurin Fumie don ta duba kafin a hau da shi. Ta ɗaga jakar ta kara a fitila. Maiƙon tawadar ya ratsa takardar har ana ganin jan da'ira huɗu ta ciki, kuma a gefen hatimi na ƙarshe, inda aka danna a kan kaifin farantin da madubin ke kwance a kai, ga wata 'yar huda da haske ke fitowa ta ciki. Ta daɗe tana kallon hudar. Sannan ta ɗaga yatsa ta nuna.

"Jaka ta huje," ta ce. 

Kafin minti goma Iwanaga-sensei da kansa ya sauko, cikin koren kayan tiyata, Eguchi na biye da shi yana share goshi da hankici. Likitan dogo ne, mai saurin tafiya da saurin magana, kuma a hannu babu na biyunsa, wannan kowa ya shaida. Ya karɓi jakar, ya juya ta, ya ƙirga hatiman da ido.

"Wa ya yi wannan ado?"

Eguchi ya rusuna har hankicinsa ya kusa taɓa ƙasa. "Ni ne na uku, Sensei. Ba ni da bakin magana."

"Saura kaɗan ku buga wa mara lafiyar ma a ciki." Ya ajiye jakar. "To, wannan ta mutu. Tsuruta-san, me muke da shi?"

Sunan bai sa shi tunanin komai ba, duk da shi ne sunan gidan mara lafiyarsa ma. A tsibirinmu in ka jefa dutse sama, a kan ɗan Tsuruta zai faɗo.

Eguchi ya leƙa babbar tukunyar tururi da ke huci a kusurwa. "Wannan fa? Na ji an ce ba abin da ba ta kashewa."

"Gaskiya aka gaya maka," in ji Fumie. "Tana kashe komai, har da madubin. Gam ɗin idonsa zai narke, fatarsa ta kumbura. Sai dai mu mayar musu da taliya."

"A jiƙa shi a ruwan magani, yadda kuke yi wa madubin ciki," in ji likita.

"Bakin injinmu bai dace da hanyarsa ba, ruwan ba zai bi ta ciki ba. Kuma da ruwan famfo yake ɗauraya. Ciki ya saba da ƙazanta, Sensei, ƙoda ba ta saba ba."

"Shi ke nan, sai haidrojin." Ya nuna farin injin da ke kusa da ƙofa, wanda ke aiki da hayaƙin ruwan nan da ake zuba wa miki ya yi kumfa, amma mai ƙarfi ninki-ba-ninki, kuma ba ya zafi. "Minti hamsin. A wurinmu da shi ake yi kullum."

Fumie ta riga ta ɗauko littafin masu ƙera madubin, ta buɗe shafin, ta ɗora yatsa. "Injinku ƙanen wannan ne, Sensei, sabon yayi. Wannan tsoho ne. Hayaƙinsa ba ya wuce rabin mita a siririyar hanya, ta madubin nan kuwa ta kusa mita. Zai shiga ta nan, ya shiga ta can, tsakiya ta zauna yadda take."

"Saura me?"

"Gas."

Likita ya dubi agogon bango. Kowa a ɗakin ya san halin gas. Ba ya zafi, ba lungun da ba ya ratsawa, irin abin nan ne da ake cewa abin da ruwan zafi ya dafa, in an yi haƙuri ruwan sanyi ma zai dafa. Amma guba ne. Awa huɗu yana aiki, sannan a bar kayan awa goma sha biyu suna shan iska, in ba haka ba ragowarsa ta ƙone naman mutum ta ciki.

"Ƙarfe uku na asuba ke nan," in ji shi. "Ni kuwa gobe ƙarfe takwas mutum tara ke jirana a birni. Ki saurare ni, Tsuruta-san. An riga an tsarkake shi jiya-jiya, huda ce kamar ta allura, a waje. Me zai shiga tsakiyar bututu cikin kwana ɗaya? Ki sa a haidrojin. Ni na ɗauki nauyi, zan sa hannu."

A wurinmu, in babba ya ce ya ɗauki nauyi, magana ta ƙare, sai dai ka rusuna ka yi. Kuma maganarsa ba ta banza ba ce, wannan ne ya fi damun Fumie. Ta san in aka yi haka sau goma, da wuya ɗaya ya ɓaci. Ta tuna yadda Genzo yake dafa bango in zai tashi, da yadda ya yi aski jiya yana 'yar waƙa saboda murna. Wallahi ta so ta danna injin nan, so irin wanda ba ta taɓa yi wa wani abu ba, har hannunta ya kai kan murfinsa. Amma jakar ta kwana a buɗaɗɗen akwati a ofis, ta bi hannu huɗu, kuma ba wanda zai iya rantsuwa a kan abin da ke tsakiyar bututun. Ta janye hannun, ta haɗa shi da ɗayan a gabanta, ta rusuna.

"Ka gafarce ni, Sensei. Nauyin takarda za ka iya ɗauka. Zazzaɓin kuwa a jikinsa zai sauka, kuma ƙodar ɗaya ce, babu wadda za ta riƙe mata. Ba zan fitar da shi daga ɗakin nan ta haidrojin ba."

Eguchi ya daina share goshi. Shekara talatin da ɗaya, ba wanda ya taɓa jin ta ce wa likita a'a da baki, duk da an sha ganin ta ce da ido.

Ran Iwanaga-sensei ya ɓaci, bai kuma ɓoye ba. "Ke kina nan ƙasa da injuna, ba kya ganin fuska. Mutumin nan tun jiya bai ci ba. Wata biyu yana fitsarin jini. Za ki iya hawa ki dube shi, ki dubi iyalinsa, ki ce su ƙara wata?"

Eguchi ya buɗe baki. Fumie ta yi masa wani kallo, ya rufe.

"Zan hau in gaya masa," ta ce.

Likita ya juya ya fita, takalmansa na ƙara a matakala. Akwai wasu ƙananan ayyuka uku da ke jiransa, ya tafi kansu.

Ita kuwa ba ta hau nan take ba. Ta yage jakar, ta sake wanke madubin tun daga farko, ta bi hanyar cikinsa da siririn buroshi sau uku, ta hura masa iska har sai da ta tabbata ko ɗigon ruwa babu. Ta ɗaura masa ɗan murfin da ke hana fatarsa fashewa in injin ya zuƙe iska, ta like shi a sabuwar jaka. Eguchi, wanda ya kasa tafiya, ya tambaye ta a hankali amfanin wahalar tunda likita tafiya zai yi.

"Da tsarkinsa aka ba mu aro," ta ce. "Ƙofa a rufe. Gas ya hau."

Genzo na ɗaki mai gado huɗu, kusa da taga, sanye da rigar asibiti da ta yi masa kaɗan. Da ya gan ta ya washe baki.

"Uwar yara, kin zo rakiya? Ki ce musu su yi sauri, cikina har ya fara cin kansa."

"Baban yara, ba za a yi yau ba."

Ya dube ta. "Likitan ne bai zo ba?"

"Ya zo."

"Kayan ne suka lalace?"

Ta ba shi labarin hatiman, a taƙaice. Ya yi dariya har ya dafe kwiɓi, tsohon da ke gadon kusa ma ya taya shi. Da dariyar ta lafa ya ce, "To ai sai a wanke. Ba aikinki ke nan ba?"

"Akwai hanya mai sauri. Likita ya yarda da ita."

"To?"

"Ni ce na ƙi."

Dariyar ta bar fuskarsa gaba ɗaya. "Ke. Likita ya ce e, ke kika ce a'a."

"Ni."

"Ya san ko ni wane ne a wurinki?"

"Ban gaya masa ba. Ko wane ne a gadon nan, haka zan yi."

"Ai shi ne abin haushin," in ji Genzo. "Shekara talatin da takwas da aure, ko ragin maƙwabtaka babu." Ya so ya mai da shi wasa, muryar ta ƙi. Ya juya ya fuskanci taga, ta ga yatsunsa sun damƙe ƙarfen gado saboda juyin ya motsa robar.

Ta je ta karɓo masa kunun shinkafa da ɗan gishiri. Tana zaune tana fifita kwanon, ta cire hular aiki, sai ga Iwanaga-sensei ya shigo don ya ba mara lafiya haƙuri, yadda ya kamata. Ya fara rusunawa ke nan ya ga wadda ke riƙe da cokali. Ya dubi sunan da ke kan gado, ya dube ta.

"Matata ce," in ji Genzo, bai juyo ba. "Ka ga abin da nake fama da shi a gida."

Likita ya juya ga Fumie. "Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Da na faɗa, Sensei, da ka ce tsoron mata ne, ka lallashe ni. Kuma da na lallasu."

 Likita ya rusuna wa Genzo, ya rusuna mata, na biyun ya ɗan fi tsawo, ya fita. Ƙarfe biyar saura ashirin jirgi ya yi kuka ya tashi da shi.

Tsibiri ba ya riƙe sirri. Kafin Alhamis da rana, duk masuntan gaɓa sun ji cewa matar Genzo ce ta hana a yi masa aiki, kuma kun san bakin maza in suna gyaran koma. Wani ya aiko masa da tambaya ko wani laifi ya yi mata a gida. Genzo ya ɗauke wuta. Ya ci abincinta, ya sha maganin da ta ajiye, amma ko "ke" bai ce mata ba. In ta miƙa hannu za ta tashe shi, sai ya dafa bango. Abin ya ci ta ƙwarai. Ba ta yi nadama ba, sai dai rashin nadama ba ya hana mutum kuka a gaban tukunyar miya, kuma ta yi.

Juma'a da safe Eguchi ya sauko ƙasa, idonsa ja don rashin hutu. Ashe jiya jirgin farko ya bi, da kwalin busasshen kifi a naɗe, ya je babban asibitin birni ya tsaya gaban masu madubin ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, ya roƙi a ƙara musu kwana huɗu. Mutumin da ko gaisuwa sai an fara yi masa. Daga nan ya nemi Iwanaga-sensei don ya sake ba shi haƙuri, sai ya tarar likitan ya riga ya yanke shawara.

"Lahadi zai zo, jirgin farko," in ji Eguchi. "Ranar hutunsa ce. Ya ce in tambaye ki ko jakar za ta kai."

"Za ta kai, in ba wanda ya taɓa ta."

"Na kulle hatimina a aljihun tebur, Tsuruta-san."

Ta gaya wa Genzo da yamma. Ya gyaɗa kai yana kallon talabijin. Zuciyar tsohon masunci ba ta saurin saukowa, balle an yi masa dariya a gaɓa.

Lahadi asibiti shiru. Fumie ta ɗauko jakar da kanta, ta kara a fitila, ta duba alamar da ke ciki mai nuna gas ya ratsa, da kwalbar gwajin ƙwayoyin cuta da ta saka tare da shi, sannan ta hau bene da ita a hannu biyu. Ta miƙa wa Michiru, ma'aikaciyar jinyar ɗakin tiyata, ta ƙaramar tagar ɗakin kaya. Tana shirin juyawa ta ji ƙarar gadon turawa a baranda, sai ta tsaya a bayan ƙofa, don ba ta son ya gan ta ya kau da kai a gaban mutane.

Gadon ya tsaya daidai bakin ɗakin tiyata. Ta ji muryarsa, irin ta mutumin da tsoro ya kama yana ɓoyewa.

"'Yata, tsaya tukuna. Abin nan da za a zura mini, wa ya shirya shi?"

"Tsuruta-san ce, Baba," in ji Michiru.

"Tsuruta da yawa. Wacce?"

"Taka."

"Da hannunta? Ba wani ta sa ba?"

"Da hannunta, tun daga wanki har likewa. Yanzu ta kawo shi."



"To ku tura," in ji Genzo. "In wannan matar ta ce ya yi, ya yi."

Ƙofar ta buɗe ta rufe, jar fitilar da ke samanta ta kama. Fumie ta fito daga ɗakin kaya, ta cire hular aiki ta ninke ta, ta nufi dogon bencin da iyalan marasa lafiya suke jira. Shekara talatin da ɗaya tana wuce shi da kaya a hannu, ba ta taɓa zama a kai ba. Ta dafa bango, sannan ta zauna.